Gangamin kare dazuzzuka da kogunan Ghana daga galamsey

Ruwan famfon da ake sha a Alabar da sauran zangunan Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake fitowa, kuma dazuzzukan da ke kewaye da su ne ke hana ƙasa zaizayewa ta cike su. Barekese a kan kogin Offin take, wanda haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wato galamsey, ta mayar da shi ruwan taɓo a wurare da dama.

Gangamin ya yi ƙarfi a 2017, lokacin da kafafen yaɗa labarai suka haɗa kai a kan batun, har gwamnati ta tura sojoji da 'yan sanda. A 2020 ƙungiyar A Rocha Ghana da wasu suka kai gwamnati kotu kan shirin haƙar ma'adinin bauxite a dajin Atewa, inda kogunan Densu, Birim da Ayensu suka samo tushe. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu II, wanda fadarsa ta Manhyia ke maƙwabtaka da Alabar, ya sauke wasu masu sarauta saboda galamsey.

An fi ganin 'yan sa-kai a ranar Green Ghana, wadda aka fara ranar 11 ga Yuni 2021 da burin dasa bishiyoyi miliyan 5. Dasawa ba ta da wuya, ban ruwa a lokacin rani ne ke neman mutane. Abin da ya fi wahala shi ne lallashin matasan da ke cikin ramukan, domin da yawansu ba su da wata sana'ar da za su koma.