Zinariya da gawayi: Yadda ake sarrafa sukari ya koma magani

A jihar Kebbi, daga Yauri zuwa yankin Bena da ke iyaka da Zamfara, an san zinariya a matsayin dukiyar da ake haƙowa a sayar, gawayi kuwa na girki ne. To amma a ɗakunan binciken kimiyya, haɗa waɗannan abubuwa biyu ya buɗe wata hanya ta sarrafa sukari.

Sukarin da ake magana a kai shi ne gulukos, wanda masana'antu ke samu daga sitacin masara ko rogo. Idan ya haɗu da iskar oksijin, yakan rikiɗe ya zama asid ɗin gulukonik. Sai dai haɗuwar na da matuƙar nawa, don haka ake buƙatar abin da masana ke kira katalis. Aikinsa kamar na dillali ne: ya haɗa mai saye da mai sayarwa, shi kuma ya fita yadda ya shiga.

An daɗe ana amfani da ƙarafa masu daraja irin su faladiyom da filatinam wajen wannan aiki, amma oksijin kan lulluɓe fuskarsu har ƙarfinsu ya ragu. Ita kuwa zinariya, an ɗauka ba ta da wani amfani a nan, tun da ko tsatsa ba ta yi.

Wani masani ɗan ƙasar Japan, Masatake Haruta, ya sauya wannan tunani a shekarar 1987, inda ya nuna cewa idan aka mayar da zinariya ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, 'yan nanomita kaɗan, takan zama katalis mai ƙarfi. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. A 2002 kuma, Laura Prati da Michele Rossi da abokan aikinsu a Jami'ar Milan ta Italiya suka wallafa bincike kan sarrafa gulukos da zinariyar da aka ɗora a kan gawayi.

Gawayin ba irin na mai shayi ba ne. Ana gasa shi ne da tururi mai zafin da ya kai digiri 800 zuwa 1,000, har ya cika da ƙananan ramuka. Idan aka auna faɗin cikin ramukan giram ɗaya kacal, zai iya kai murabba'in mita 1,000. A nan ƙwayoyin zinariyar ke maƙalewa, ba sa dunƙulewa, kuma bayan an gama aiki ana iya ƙone gawayin a kwashe ƙarfen.

Abin da ake samu daga ƙarshe ba baƙo ba ne a asibitocin arewacin Najeriya. Allurar kalshiyam gulukonet ita ce makarin maganin magniziyam salfet idan ya yi wa mai ciwon jijjiga yawa lokacin goyon ciki ko haihuwa. Akwai kuma irinsa mai sinadarin ƙarfe da ake bai wa masu ƙarancin jini. Magina ma na zuba sodiyam gulukonet a kankare domin kada ya yi saurin daskarewa a yanayin zafi.

Sai dai kuma har yanzu akasarin masana'antu na samar da wannan asid ne ta hanyar wata fumfuna mai suna Aspergillus niger, wadda ke cin gulukos ɗin ta fitar da shi. Dalili kuwa shi ne tsadar zinariya, da kuma yadda ƙarfin katalis ɗin ke raguwa bayan an maimaita amfani da shi.