Diana Wall da Halittun Ƙarƙashin Ƙasa

An daɗe masana suna ɗaukar ƙasar noma a matsayin rairayi da laka da taki kawai. Halittun da ke cikinta kuwa ba a cika kula da su ba, sai fa waɗanda ke ɓata amfanin gona. Daga cikin waɗanda suka sauya wannan tunani akwai wata masaniya ƴar ƙasar Amurka, mai suna Diana Wall.

An haife ta a shekara ta 1943, ta tashi a jahar Kentaki. A jami'ar wannan jaha ta sami digirin dokta a shekara ta 1971, a fannin cututtukan tsirrai. Abin da ta ƙware a kansa shi ne wasu ƙananan tsutsotsi da ake kira nematodi, waɗanda galibinsu ba a ganin su sai da madubin ƙara girma. Wasunsu suna tsotsar saiwar shuka, amma da yawa daga cikinsu ƙwayoyin bakteriya da naman gwari suke ci. Ta haka suke sakin abincin da ke ɗaure cikin ruɓaɓɓen ganye, shuka ta samu.

Bayan karatunta ta kama aiki a Jami'ar Kalifoniya da ke Ribasaid, ta shiga nazarin ƙasar hamadun Amurka. A nan ta ci karo da matsalar da ta dami duk masu wannan fanni. Dintsi guda na ƙasa yana ɗauke da ire-iren halittu masu ɗimbin yawa, har mai bincike ba ya iya rarrabe aikin kowane. Idan iri ɗaya ya ɓace, shin wani zai maye gurbinsa, ko kuwa ƙasar za ta raunana? Ba a iya ba da amsa ba.

Dabarar da ta yi ita ce neman ƙasar da ta fi kowace talauci. A shekara ta 1989 ta tafi Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya, tare da abokin aikinta Ross Virginia. A can akwai busassun kwaruruka na Makmado, inda ƙanƙara ba ta rufe ƙasa ba, babu itace babu ciyawa. Baturen Ingila Robert Scott, wanda ya isa wurin a shekara ta 1903, ya ɗauke shi matattar ƙasa. Amma binciken Wall ya nuna akwai nematodi a wurare da dama, kuma galibinsu iri uku ne kacal. Wanda ya fi yawa shi ne Scottnema lindsayae, tsawonsa kimanin milimita 1, mai son busasshiyar ƙasa mai gishiri. Idan laima ta ƙare sai ya nannaɗe ya bushe kamar ya mutu, ran da ruwa ya taɓa shi ya farfaɗo.

Da yake ire-iren ba su da yawa, an sami damar ƙidaya su shekara bayan shekara. Wall ta koma Jami'ar Jahar Kolorado a shekara ta 1993, ta ci gaba da zuwa Antaktika har fiye da sau 25. Tsakanin 1993 da 2005, a lokacin da kwarurukan suka ƙara sanyi, yawan Scottnema ya ragu da fiye da kashi 60 cikin 100, kuma rabonsa a aikin juya karbon cikin ƙasa ya ragu tare da shi. A bazarar 2001 zuwa 2002 kuwa zafi ya narkar da ƙanƙara, ruwa ya malala, ire-ire masu son laima suka fara samun sarari. Wannan ya nuna cewa sauyin yanayi yana taɓa halittun ƙasa kai tsaye, kuma iri guda ƙanƙane yana iya riƙe aikin da ba a san mai ɗaukarsa ba idan ya tafi.

Ba ta tsaya ga bincike kaɗai ba. A shekara ta 2011 ta jagoranci kafa wani shiri na duniya don kare halittun ƙasa, wanda ya haɗa kai da Tarayyar Turai aka fitar da kundin taswirar halittun ƙasa na duniya a shekara ta 2016. Hujjarta ita ce, dokokin kare muhalli suna tuna giwa da gandun daji, suna mantawa da abin da ke ƙarƙashin sawu, alhali da shi abinci ya dogara.

An sa wa wani kwari na Antaktika sunanta, ta kuma karɓi lambar yabo ta Tyler a shekara ta 2013. Ta rasu ranar 25 ga watan Maris na shekara ta 2024. Ta bar ɗalibai masu yawa, da ƙidayar shekaru fiye da 30 wadda masu bincike ke auna sauyin waɗannan kwaruruka da ita.