Daga Mai Ɗori Zuwa Likitan Gashi: Tarihin Tausar 'Yan Ɗaga Ƙarfe a Maiduguri

A unguwannin Maiduguri, daga Gwange har Bulumkutu, ba wuya ka ga samari da sassafe sun kewaye wani sandan ƙarfe da aka daskarar wa siminti a baki biyu, suna ɗagawa bi da bi. Masu hali kuma suna biyan kuɗi a gidajen motsa jiki. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai jiki ya ɗaure, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, a shiga cigiyar mai tausa. Wannan cigiya ta girmi birnin kansa.

Tun kafin Shehu Abubakar Garbai ya tare a Yerwa, wato Maiduguri ta yau, a 1907, Borno ƙasar 'yan kokawa ce. Baturen Ingila Dixon Denham, wanda ya zauna a Kukawa cikin shekarun 1820 zamanin Shehu al-Kanemi, ya ba da labarin irin kokawar da ake yi a gaban Shehu, mai kaiwa ga mummunan rauni. Inda ake kokawa kuwa ba a rasa targaɗe da gocewar ƙashi. Mai ɗori ne ke karɓar waɗannan, sana'ar da yawanci gado ce: ya lalubi wurin da yatsa, ya ja, ya daidaita, ya ɗaure da karare, ya yi tofi. Wanzami na da nasa rabon, wato ƙaho ga wanda jiki ya yi wa nauyi. Gajiyar tsoka kuma ta tsofaffin gida ce, da ruwan zafi da man shanu ko man kaɗanya.

Ban yarda da masu raina wannan gado ba, domin shi ya riƙe jama'a ƙarni da ƙarni lokacin da babu asibiti. Sai dai yana da iyakarsa. Ɗaurin da ya matse fiye da kima yana tsare jini, naman ya ruɓe, kuma likitocin ƙashi a Arewa sun sha yanke hannun yara saboda haka.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, gashin ƙashi na asibiti shi ma daga tausa ya taso. A 1813 wani mutumin Suwidin, Per Henrik Ling, ya kafa cibiya a birnin Stockholm inda ake koyar da motsa jiki a matsayin magani. A 1894 wasu ma'aikatan jinya mata a Ingila suka kafa ƙungiyar ƙwararrun masu tausa, don raba sana'ar da baragurbin da suka ɓata mata suna. Yaƙe-yaƙen duniya biyu suka cika asibitoci da sojoji masu rauni, sai sana'ar ta bunƙasa ta zama fisiyo. Ta wannan ƙofa ta shigo Najeriya. Asibitin Igbobi da ke Legas ya faro ne a matsayin wurin jinyar sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a 1945 ƙwararru biyu daga Ingila suka fara horar da mataimaka a can. Jami'ar Ibadan ta fara digirin fannin a 1966. A Arewa, asibitin ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe a 1959, shi ya daɗe yana zama madogara, har ga mutanen Borno da ke tafe daga nisan fiye da kilomita 500.

An kafa Jami'ar Maiduguri a 1975, aka ƙaddamar da asibitin koyarwarta a 1983, daga baya kuma jami'ar ta fara yaye nata likitocin gashi. Rikicin da ya ɓarke a 2009 ya jefa wa fannin nauyin da ba a taɓa zato ba: raunin harsashi, na bam, da waɗanda suka rasa ƙafa ko hannu. A 2020 aka buɗe cibiyar gyaran gaɓoɓi a asibitin koyarwa tare da haɗin gwiwar ƙungiyar Red Cross ta duniya. Ma'ana, birnin yana da hannayen da suka goge da aiki mai wuya, ciwon kafaɗar ɗan ɗaga ƙarfe ba zai gagare su ba.

Baƙon da ya zo a ƙarshe shi ne kairofraktik, kuma yawancin samarinmu a waya suka san shi, a bidiyon da ake murɗa wuyan mutum ya yi ƙara. Daniel David Palmer ne ya ƙirƙiro shi a 1895 a garin Davenport na Amurka, yana iƙirarin cewa ya dawo wa wani mai shara, Harvey Lillard, da jinsa ta hanyar gyara masa ƙashin baya. Ya yi imani cewa galibin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke, ra'ayin da bincike bai gaskata ba, ko da yake an ga aikin yana ɗan sassauta ciwon ƙugu. A ƙasashen da ya kafu, shekaru ake yi ana karatunsa. A nahiyarmu jami'o'in Durban da Johannesburg ne suka yi fice. A Najeriya, hukumar MRTB da aka kafa a 1988 ita ke yi wa masu wannan aiki rajista, kamar yadda take yi wa likitocin gashi. Abin da ke damuna shi ne mai koyar da motsa jiki da ya kalli bidiyo ya kama wuyan abokinsa. Jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta nan suke bi, kuma an samu waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kama bayan irin wannan murɗa.

Tsamin jikin da ke biyo bayan ɗaga ƙarfe kuwa ba gocewar ƙashi ba ce. 'Yan ƙananan raunuka ne a tsoka, suna tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, sannan su lafa da kansu. Tausa mai laushi tana rage raɗaɗin, barci da ruwa suna taimakawa. Tramadol ba maganinsa ba ne, kuma yawan shan diclofenac ko ibuprofen yana cutar da ƙoda, a jihar da ciwon ƙoda ya riga ya addaba. Ɗan'uwa, in ciwon ya wuce mako, ko ya sauka ƙafa da sagewa, ko fitsari ya yi duhu bayan atisaye mai tsanani, kada ka tsaya wajen mai tausa. Ka nufi asibiti.