Daga “Aboki” Zuwa “Inyamuri”: Tarihin Rikicin Suna Da 'Yancin Faɗin Albarkacin Baki

Duk wanda ya zauna a Agege, ko Idi-Araba, ko Mile 12, ya san yadda kalmar “aboki” take sauya kama. Wani zai kira ka da ita cikin fara'a, ka amsa har ku gaisa. Wani kuma zai jefo ta a tashar mota, ka ji ta kamar mari, don abin da yake nufi shi ne baƙauye wanda bai san komai ba. Kafin ita akwai “Gambari” da “Mola”, wato Malam a bakin Bayarabe. Matasanmu suna cewa a daina, masu faɗa kuma suna cewa wasa ne, kowa da bakinsa. Wannan gardama tana da tarihi, kuma ya kamata mu san shi kafin mu yanke hukunci.

Turawa suna da suna ga wannan ɗabi'a ta tauna magana don kada a muzanta wani jinsi. In aka fassara shi kai tsaye sai ya zama “daidaiton siyasa”. Da farko ba wannan ma'anar gare shi ba. A shekarun 1930, a tsakanin 'yan gurguzu, wanda ake ce wa “daidai a siyasance” shi ne mai bin layin jam'iyya ko da idonsa ya ga akasin abin da ake faɗa. Zuwa shekarun 1970, 'yan gwagwarmaya a Amurka sun mayar da kalmar ta zolaya a tsakaninsu, suna tsokanar duk wanda ya cika tsanani da ita.

A wannan lokacin baƙaƙen fatar Amurka, da mata, da naƙasassu suna neman a daina kiransu da sunayen da aka laƙaba musu. A 1988 Jesse Jackson ya yi kira da a riƙa ce wa mutanensa Amurkawa 'yan asalin Afirka. Jami'o'i suka fara kafa dokokin hana kalaman cin fuska. Sai ga shi a 1989 wata kotun tarayya ta soke dokar Jami'ar Michigan, ta ce ta yi faɗi har tana iya hana ɗalibi yin muhawarar ilimi. A watan Mayun 1991 Shugaba George Bush na farko ya je wannan jami'ar ya soki lamarin, yana mai cewa barazana ce ga 'yancin magana. Tun daga nan kalmar ta zama makami. Ɓangare ɗaya na cewa ana toshe musu baki, ɗaya ɓangaren na cewa mutunci kawai suke nema.

Mu a nan, hukuma ce ta fara sa wa baki linzami, kuma don kare kanta ta yi. A Legas ɗin nan, bayan Herbert Macaulay ya wallafa ƙasida a 1908 yana tona asirin yadda ake tafiyar da hukumar jirgin ƙasa, gwamnatin Gwamna Egerton ta kafa dokar hana tunzura jama'a a 1909. A Arewa, bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, magoya bayan Malam Aminu Kano da yawa sun sha bulala da ɗauri a kotunan alƙalai na En'e, bisa tuhumar zagin sarki ko yin taro ba izini. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da yawa saboda bakinta. A 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta kafa Doka ta 4, aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda. Ku duba da kyau, a duk waɗannan lokuta uku wanda ya fi ƙarfi ne dokar ta kare.

Amma akwai ɗaya gefen, kuma mun ɗanɗana shi. A watan Nuwamban 2002 wani rubutu a jaridar ThisDay kan gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ambaci Manzon Allah (SAW) ta hanyar da ta fusata Musulmi. Jaridar ta nemi gafara, amma rikicin Kaduna ya ci rayuka sama da 200, Musulmi da Kirista, waɗanda ba su rubuta ba, da yawansu ba su ma karanta ba. A Ruwanda a 1994, gidan rediyo ya yi ta kiran 'yan Tutsi kyankyasai, adda kuma ta biyo baya. Magana zarar bunu ce. Mu da muke tuna Ketu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da Mile 12 a 2016, mun san cewa idan ƙura ta tashi ba a tambayar sunan mutum, sunan da aka laƙaba wa jinsinsa ake bi.

Shi ya sa sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 45 kuma ya ba da damar taƙaita shi don zaman lafiya da haƙƙin wasu. Rigimar ita ce wa zai riƙe ma'aunin. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo ƙudirin hana kalaman ƙiyayya mai ɗauke da hukuncin rataya idan maganar ta jawo kisa. Jama'a suka yi ca, ƙudirin bai zama doka ba. A watan Yunin 2021 gwamnati ta rufe Twitter har zuwa Janairun 2022. Wanda ya san tarihin NEPU dole ya yi ɗari-ɗari da irin wannan, don mai shayi da ɗan acaba ba su da lauya.

To ina mafita? Bahaushe bai jira Amurka ta koya masa tauna magana ba. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba a cewa babba ya mutu sai dai ya rasu, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurati ta hana jifan juna da munanan laƙabi. Muna kuma da wasan barkwanci, tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, har Gobirawa da Yarabawa. A wannan wasa ana faɗar mai zafi a yi dariya, saboda kowa ya yarda kuma kowa na da damar ramawa. Nan ne bambancin yake. Idan ɗaya ne kaɗai ke dariya, abin ya tashi daga wasa.

Sauyin da ya ɗore ma ba da sanda ya zo ba. Gidajen rediyonmu yanzu sun fi cewa “masu buƙata ta musamman”, ba tare da an ɗaure kowa ba. A lokaci guda Sarkin Makafi yana nan da sarautarsa, yana alfahari da ita. Ke nan mai suna shi ya fi cancanta a tambaya yadda yake so a kira shi.

Sai mu juyo kanmu. Mu da “aboki” ke ƙona wa rai, me muke kiran maƙwabtanmu? Ana cewa “Inyamuri” ta samo asali ne daga yadda Ibo ke roƙon ruwa a harshensu, kuma da yawansu ba sa son ta. Muna ce wa duk wanda ba namu ba “ƙabila”, kamar mu ba ƙabila ba ne. Muna ce wa Kirista “arne”, alhali mun san yadda kakanninmu suka ji da aka riƙa kiransu “Haɓe”. Yaron da aka haifa a Zangon Agege, mai jin Yarabanci kamar Hausa, yana jin duk wannan a bakinmu, kuma shi zai maimaita a makaranta.

Kakanninmu da fataucin goro ya kawo Agege sun samu wurin zama ne da amana da iya magana. Idan aka kira ka da sunan raini, faɗa wa mai kiran sunanka na gaskiya, cikin natsuwa, ba tsoro. Idan hukuma ta yi ba daidai ba, a faɗa mata, don wannan 'yanci an sha ɗauri kafin a same shi. Amma a cikin gidajenmu da shafukanmu na WhatsApp, mu fara goge sunayen da ba za mu so a kira 'ya'yanmu da irinsu ba.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.