Karan Ɗori a Ƙofar Marusa

Sunan Ƙofar Marusa, ɗaya daga ƙofofin Katsina, kalmomi biyu ne, kuma ƙa'ida ba ta sa musu karan ɗori, domin harafin r da ke ƙarshen ta farko ya riga ya ɗaure ta da sarautar Marusa. Haka Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi suke, haka gidan sauro da farar hula. Amma mai abincin da ta rubuta dafa duka a allon shagonta umarni ta bayar, alhali dafa-duka take sayarwa. Wannan bambanci ya girmi boko, a baki yake: mai cewa ci-rani ko hana-salla yana sassauto da muryarsa a kan aikatau, yadda ba ya yi a jimla. Ajami bai tanadi alama dominsa ba, mai karatu ke cike gurbin da saninsa.

Boko ne ya tilasta a yanke hukunci. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, Bargery ya buga ƙamusunsa a 1934, sannan Rupert East da Abubakar Imam, tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina, suka kai rubutun ga talaka ta jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980 duk daidaita rubutu suka sa gaba. A ganina zaɓar baƙaƙe bai kai raba kalmomi da haɗa su wuya ba, don na biyun ne ke buƙatar kunnen mai harshe.

Akwai masu cewa karan ɗori kayan aro ne, kuma masu shi ma sun fara yar da shi. Gaskiya ne, ƙamusun Shorter Oxford na 2007 ya cire shi daga kalmomi wajen 16,000. Sai dai yawancinsu suna biyu ne da aka jera, cirewar ba ta rikita kowa. Namu kuwa sau da yawa jimla ce sukutum ta koma suna: ka-ce-na-ce, a-ci-balbal, bar-ni-da-mugu. Wasu kuma na cewa muhallin magana ya wadatar. Ya wadaci dattijon da ya sha jin kalmar, amma yaron firamare da ya ga an rubuta “an yi ka ce na ce” sai ya tsaya neman wanda ya ce da abin da aka ce.