Daga Rasha zuwa Sin: Tarihin Yadda Cibiyoyin Nazarin Manufofi na Amurka Suke Auna Basirar Na'ura ta Abokan Hamayya

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa fargabar da cibiyoyin nazarin manufofi na Amurka suka riƙa bayyanawa game da basirar na'ura ta ƙasar Sin tana da asali mai nisa. Abin da muke nufi da waɗannan cibiyoyi shi ne ƙungiyoyin masana da ke bincike domin ba gwamnati shawara, irin su RAND wadda ta tsaya da ƙafarta a 1948.

Bayan da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a watan Oktoba na 1957, kwamitin da H. Rowan Gaither, shugaban amintattun RAND, ya jagoranta ya gargaɗi Shugaba Eisenhower cewa Rasha na gab da yi wa Amurka fintinkau wajen makamai masu linzami. Sai a 1961 hotunan taurarin leƙen asiri suka tabbatar da cewa makaman nata 'yan ƙalilan ne. Amma kafin nan bakin alƙalami ya bushe, an riga an ware kuɗi.

Misalin da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Japan. A 1982 ma'aikatar ciniki da masana'antu ta ƙasar ta ƙaddamar da shirin shekara goma na ƙera kwamfutoci na zubi na biyar, wato na'urori masu iya jawo hujja su yanke hukunci. Shekara ɗaya bayan haka, Edward Feigenbaum da Pamela McCorduck suka wallafa littafi kan shirin, wanda ya tayar da hankalin mahukunta matuƙa. A cikin 1983 ɗin hukumar DARPA ta buɗe nata shirin, Ingila ta fito da shirin Alvey, sannan ƙasashen Turai suka bi da ESPRIT a 1984. To, da wa'adin ya cika a 1992, Japan ta kashe sama da Yen biliyan 50, amma na'urorin ba su samu kasuwa ba, domin ƙananan kwamfutoci masu araha sun riga sun mamaye duniya. A ganina kuskuren masu sharhi a nan shi ne, sun ɗauki takardar buri a matsayin aikin da aka gama.

Haka aka soma yi da Sin. A watan Mayu na 2017 manhajar AlphaGo ta doke gwarzon darar Go, Ke Jie. A watan Yuli kuma majalisar gudanarwar Sin ta fitar da tsarin zama jagorar duniya a wannan fanni nan da 2030. Cibiyar CNAS ta fitar da rahoton Elsa Kania kan abin da sojojin Sin za su iya yi da fasahar. Sai dai adalci ya sa a faɗa cewa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Cibiyar CSET ta Jami'ar Georgetown, wadda aka kafa a 2019, ta bi takardun kasafin Sin da harshensu na asali, ta gano cewa abin da gwamnatin ta kashe a 2018 bai wuce dala biliyan kaɗan ba, saɓanin gomman biliyoyin da ake yayatawa.

Duk da haka muryar gargaɗi ce ta yi rinjaye. Rahoton hukumar da Eric Schmidt ya shugabanta ya fito a 2021, a watan Oktoba na 2022 kuma aka taƙaita sayar wa Sin ƙwayoyin kwamfuta masu ƙarfi. A wannan karon kuskuren ya juya baya: da yawa sun zaci takunkumin zai daɗe yana daƙile ta, sai ga kamfanin DeepSeek a watan Janairu na 2025 ya fito da manhajar da ta yi kafaɗa da kafaɗa da na Amurka, alhali da ƙwayoyin Nvidia da aka rage wa ƙarfi ya ce ya horar da ita.