Famfon Zuƙo na Hannu

Famfon zuƙo na hannu ƙaramin kayan aiki ne na roba da ake juye ruwa, kananzir, fetur ko dizal da shi ba tare da lantarki ba. Yana da tiyo biyu da ƙwallon matsawa mai bawul a tsakaninsu. Akan tsoma tiyo ɗaya cikin duro, a sa ɗayan cikin jarka, a yi ta matsa ƙwallon har iska ta fice. Daga nan ruwan zai riƙa gangarowa da kansa, muddin jarkar tana ƙasa da saman ruwan duron. Ruwa ba ya hawa fiye da kimanin mita 10 ta wannan hanya. Famfon yana hana zuƙar fetur da baki, wadda ke iya kai mai cikin huhu. Famfon da ya taɓa mai ba a ɗebo ruwan sha da shi.